Sanarwar Bayan Taro Kan Masu Hawan Jini da Ba Sa Komawa Asibiti Ranar da Aka Sa Musu

Mu 'yan ƙungiyar masu fama da hawan jini da masu jinyarsu na Baturiya da ƙauyukan da ke kewaye da ita, a ƙaramar hukumar Kirikasamma ta masarautar Haɗeja, jihar Jigawa, mun yi zama na yini guda bayan ruwa ya janye, an fara shigar da amfanin gona. Mun gayyaci malaman asibiti da ke aiki a yankinmu, da ungozomomi, da masu kemis, da limamai, da bulamai, da wakilan masunta da na rugagen Fulani. Iyayenmu mata sun yi nasu zaman daban da hantsi, sannan wakilansu suka kawo wa babban zaure abin da suka tattauna. An buɗe taro da addu'a ga waɗanda suka riga mu gidan gaskiya da waɗanda ke kwance.

Abin da ya tara mu

Kowa a zauren ya san yadda abin yake faruwa. Mutum ya je asibiti da ciwon kai ko jiri, ko ma ya raka wani, a auna shi a ce jininsa ya hau. A ba shi maganin wata guda, a rubuta masa rana a kati a ce ya dawo. Ya koma sau ɗaya, wani sau biyu, daga nan shiru. Sai bayan shekara ko biyu a ga an ɗauko shi a amalanke, baki ya karkace, ɓarin jiki ya shanye, ko kuma ƙafafu sun kumbura fitsari ya ɗauke. Babu unguwar da ba ta da irin wannan labarin, kuma a cikinmu da muka zauna akwai waɗanda yanzu su ke ɗaga mahaifansu su kwantar.

Malaman asibiti sun tunatar da mu cewa matsalar ta duniya ce. Rahoton da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a watan Satumba na 2023 ya nuna masu hawan jini sun ninka, daga miliyan 650 a 1990 zuwa biliyan 1.3 a 2019. Kusan rabinsu ba su san suna da shi ba, kuma kusan huɗu cikin biyar ba sa samun kulawar da ta ishe su. Amma mu a wannan kwarin muna da ƙarin dalilin tsoro. An daɗe ana kukan yawan ciwon ƙoda daga Haɗeja har Gashuwa, kuma hawan jinin da aka bari babu kulawa yana cikin manyan abubuwan da ke kashe ƙoda. Wanda ya taɓa ganin gidan da aka sayar da gona da shanu saboda wankin ƙoda ba sai an yi masa dogon bayani ba.

Tambayar da muka sa a gaba ita ce: me ke hana mutum komawa? Amsar da aka saba bayarwa ita ce sakaci da jahilci. Bayan mun saurari juna, taro ya ƙi yarda da wannan amsar a matsayin cikakkiya. Akwai sakaci, ba mu musa ba, kuma za mu zo kansa. Amma mafi yawan waɗanda suka yi magana mutane ne masu son ransu, waɗanda aka sa wa rana ba tare da an tambaye su ko ranar za ta yiwu ba.

Abin da taro ya gano

Dalilin da ya fi fitowa daga bakin mutane shi ne wanda ake cewa “jinina ya sauka” ko “ai na warke”. Mun saba da cutar da ke da farko da ƙarshe. Zazzaɓin cizon sauro ya kama ka, ka sha magani kwana uku, ka miƙe ka koma gona. Hawan jini ba haka yake ba, kuma yawancinmu ba a taɓa zaunar da mu an faɗa mana ba. Sau da yawa ba ya ciwo ko kaɗan. Mutum na iya yini yana jefa birgi ko yana yankan shinkafa alhali jininsa ya wuce 140 bisa 90, wanda daga nan ne likitoci ke cewa ya hau, idan an same shi haka a ranaku biyu daban-daban. Ranar da ya koma aka auna aka ce masa yau jini ya yi kyau, sai ya ɗauka an sallame shi ke nan. Wani malamin asibiti ya kwatanta mana da jingar da muke yi a bakin gona: idan ka ga cikin gonarka ya tsane, jingar ce ta tare ruwan, kogi yana nan inda yake, ranar da ka fasa ta zai shigo. Saukar jini shaida ce cewa magani yana aiki. Taro ya yi mamakin yawan dattawan da suka ce yau ne farkon jinsu da wannan bayanin, bayan shekaru suna riƙe da kati. Wannan gazawa ce ta wanda ya ba da katin kafin ta zama ta wanda ya karɓa.

Sai maganar ruwa, wadda ta ɗauki mafi yawan lokacin zamanmu. Baturiya tana tsakiyar fadama ce. Wannan dausayin da duniya ta sani da tsuntsayensa, har aka sa shi cikin jerin dausayoyi masu muhimmanci na duniya a 2008, shi ne abincinmu, kuma shi ne ke raba mu da titi. Daga watan Agusta zuwa Oktoba hanyoyin ƙauyuka da dama sukan yanke. Tun da aka gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992 tafiyar kogin Haɗeja ta canja, ciyawar kacalla ta toshe magudanai, ruwa ya koma bin inda bai saba bi ba, ya kuma daɗe kwance inda a da yake janyewa da wuri. Ambaliyar 2020 da ta 2022 ba wanda ya manta da su a masarautar nan. Mutane sun kwana a makarantu da kan tudu, kati da magani sun tafi tare da katifa da buhun gero. Ko a shekarar da ba a yi ambaliya ba, tsohuwar da aka ce ta dawo tsakiyar Satumba sai ta shiga kwale-kwale, ta biya kuɗin fito, ta taka cikin taɓo, sannan ta sami ɗan acaɓa. Jikanta da zai raka ta kuwa yana can yana korar tsuntsaye a gonar shinkafa.

Ruwa na janyewa aiki ya taso. Ga yankan shinkafa da sussuka, ga kamun kifi lokacin da ya fi albarka, ga gyaran fili na alkama da tattasai da albasa. Manomin rani da ya bar injin ban ruwa yini guda ya san abin da ya bari. Makiyayi kuma ya tashi da dabbobinsa, ranar da aka sa masa ta same shi a wata jiha. Wakilin masunta ya ce mutanensa sukan yi makonni a bakin ruwa ba su shigo gari ba. Duk wannan sananne ne ga kowane yaro a nan, amma mai rubuta kati wata ɗaya kawai yake ƙirgawa daga yau ya sa rana, ko damina ce ko rani. Sannan ya rubuta ta da boko, ga mutumin da lissafinsa na watan Musulunci ne da ranakun kasuwa. Wata baiwar Allah ta nuna katinta a zauren mata, ta ce ta san an rubuta rana amma ba ta san wacce ba, kuma ta ji nauyin tambaya. Matsayar taro a nan a fili take: ranar dawowa da ba ta yi la'akari da kogi da gona ba, tun daga teburin da aka rubuta ta aka saɓa ta.

Kuɗi shi ne na uku, kuma ba kuɗin magani kaɗai ba. Tun da aka cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu 2023, litar da ake saya ƙasa da naira 200 ta haura naira 1,000 kafin ƙarshen 2024, kuɗin acaɓa da na mota suka bi ta. Faɗuwar darajar naira ta ɗaga farashin magani. Wanda aka tura Haɗeja, balle Dutse ko Kano ko Nguru, lissafin mutum biyu yake yi, shi da ɗan rakiya, zuwa da dawowa da abincin rana, ga aikin yini da ya tafi. Sau da yawa kuɗin hanya ya fi na maganin wata. To sai mutum ya ɗauki fankon fakitin da ya ƙare ya miƙa wa mai kemis, a ba shi na kwana biyar ko goma daidai kuɗinsa. Wani ya riƙa raba ƙwaya biyu don ta kai shi kasuwa ta gaba. Wani ya ajiye sai ranar da kansa ya sara. Duk waɗannan suna ganin suna shan magani, alhali babu wanda ya auna su a ga ko maganin ya isa.

Game da yadda ake karɓar mutane a wasu asibitoci, membobi sun faɗi abin da ke ransu a gaban malaman asibiti, su kuma sun saurara da haƙuri, muna yaba musu. Ka yi sammako ka hau layi har azahar, a ce ba a ga fayil ɗinka ba. A zo awo a ce batirin na'ura ya mutu. A rubuta maka magani a ce babu, je ka waje ka saya. Yau ka ga wannan malami ya ba ka iri kaza, wata mai zuwa wani ya canja ba tare da ya ce maka komai ba. Abin da ya fi yi wa taro ciwo shi ne faɗa. Dattijon da ya saɓa wata biyu saboda ruwa, ya yi ta maza ya koma, sai yaron da bai kai ɗansa ba ya daka masa tsawa a gaban jama'a. Wannan dattijon ba zai sake zuwa ba, kuma zai faɗa wa abokansa a majalisa. Malaman asibiti su ma sun bayyana nasu: mutum ɗaya ko biyu ne a ƙaramin asibiti, shi ne awon ciki, shi ne rigakafi, shi ne karɓar haihuwa da dare. Mun yarda da su. Ƙarancin ma'aikata gaskiya ne, amma kalma mai daɗi ba ta cikin abin da ake jira daga gwamnati a Dutse.

Akwai kuma dalilin da ba a faɗa sai an keɓe. Wasu magunguna suna da 'yan matsalolinsu. Amlodifin kan kumbura wa wasu idon sawu. Lisinofiril kan sa busasshen tari. Maganin da ke sa fitsari yana takura wa mai son riƙe alwala da mai doguwar tafiya a mota. Maza da yawa kuma sun daina sha saboda sun ga, ko sun ji an ce, yana rage musu ƙarfi a wajen iyali, kuma babu wanda zai faɗi wannan a ɗakin da ƙofarsa ke buɗe mutane na leƙe. Malaman asibiti sun tabbatar mana cewa magungunan iri-iri ne, idan wannan bai karɓe ka ba akwai wani, kuma shi kansa hawan jinin da aka ƙyale yana lalata jijiyoyin da namiji ke tsoron rasawa. Ranar dawowa an yi ta ne don irin wannan maganar.

Zaman mata ya kawo abubuwan da mu maza ba mu cika lura da su ba. Mace ba ta fita sai da izini da kuɗin mota da wanda za ta bar wa yara da tukunya. Idan maigida ya ga tana aikinta lafiya lau, sai ya ce a bari sai wani satin, wani satin kuma ba ya zuwa. Ungozomomi sun ja hankali kan matan da jininsu ya hau lokacin ciki, har wasu suka yi jijjiga. Da an sauka lafiya an yi suna sai a rufe maganar, alhali irin wannan macen tana bukatar awo bayan haihuwa, kuma ta fi sauran mata haɗarin samun hawan jini nan gaba. Sun kuma taɓo kunun kanwa da wankan jego. Tun shekarun 1970 likitocin asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya suka danganta yawan shan kanwa da tsananin zafin jego da ciwon zuciyar da ke kama mata bayan haihuwa. Kanwa 'yar'uwar gishiri ce a jiki. Iyayenmu mata ba su ce a watsar da al'ada ba, sun ce dai mai jegon da aka taɓa ce wa jininta ya hau a sassauta mata kanwa, a kai ta awo kafin arba'in. Haka kuma macen da ke shan maganin hawan jini, da ta ga alamar ciki ta je a duba irin da take sha, domin losatan da lisinofiril suna cutar da ɗan tayi, akwai waɗanda ake musanya su da su.

An yi magana a taƙaice kan azumi, inda wasu kan ajiye magani wata guda cur. Limamai da malaman asibiti sun haɗu a kan cewa maganin da ake sha sau ɗaya a yini ana iya mayar da shi lokacin sahur ko buɗa baki, amma a je a yi shawara tun cikin Sha'aban. An kuma yi kashedi da haɗin ƙwayoyin ciwon jiki da manoma da masunta ke sha bayan aiki, irin su diklofinak da ibufurofen, domin suna ɗaga jini suna kuma taɓa ƙoda.

Inda aka yi saɓani

Ba a kan komai baki ya zo ɗaya ba, kuma muna ganin ya dace jama'a su sani. Wasu sun nemi a hana masu kemis sayar da maganin hawan jini sai da takardar asibiti. Wasu suka ce idan ruwa ya yanke hanya, mai kemis ne kaɗai ke tsakanin mutum da shanyewar jiki. Rinjaye ya tafi ga ra'ayi na biyu, da sharaɗin da za a gani a ƙasa.

An kuma ja kan zoɓo da tafarnuwa da zogale da sassaƙe. Akwai dattawan da suka rantse sun ga amfaninsu. Taro bai ƙaryata kowa ba, ya ce dai na'ura ce alƙali: mai shan zoɓo ya zo a auna shi kamar kowa, kada ya ajiye ƙwaya da kansa, kuma ya faɗa wa malamin asibiti abin da yake haɗawa. Mai tallar magani a kasuwa da lasifika da ke cewa yana warkar da hawan jini har abada kuwa, taro ya ce ƙarya yake yi.

Shawarar cin tarar memban da ya saɓa rana ta faɗi. Wanda ya rasa kuɗin mota ba tara ce za ta kai shi asibiti ba.

Abin da muka ɗora wa kanmu

Kafin mu roƙi kowa, mun amince da waɗannan a kanmu.

Za mu rarraba membobi rukuni-rukuni bisa unguwa da ƙauye, kowane rukuni da mai tuni guda, namiji ga maza, mace ga mata. Aikinsa ya san ranar kowa, ya mayar da ita lissafin da mai ita ya gane, ko Juma'a ta biyu bayan tsayuwar wata, ko kasuwa kaza, ya kuma tuna masa kwana biyu kafin ta zo. Wanda ya saɓa, a je gidansa cikin mako a ji dalili, a raka shi idan kunya ce ta hana shi. Mai tuni amana aka ba shi, ciwon mutum ba abin hira ba ne a bakin kasuwa.

Za mu buɗe asusun taimakon juna, kowa ya zuba gwargwadon hali, a karɓi hatsi ko busasshen kifi daga wanda ba shi da tsaba lokacin kaka. Da shi za mu fara sayen na'urar awon jini mai ɗaurin damtse da batura, malamin asibiti ya duba ingancinta ya koya wa matasa biyu, mace da namiji, yadda ake awo: mutum ya zauna ya huta minti biyar, bayansa a jingine, hannunsa a ɗore daidai ƙirji, ba ya magana, bai ci goro ko ya sha taba ba a ɗan lokacin. Su dai awo da rubutawa ne nasu, ba su ba da magani ba su canja shi. Abin da ya rage a asusun na ɗaukar mota ɗaya ne ga waɗanda aka tura Haɗeja, a haɗa su rana guda a raba kuɗin.

A gidajenmu za mu rage gishiri da dunƙulen ɗanɗano da kanwa. Abin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ya ishi babba a yini bai kai giram 5 ba, wato kamar ƙaramin cokalin shayi, har da wanda ke cikin dunƙule da kifin da aka sa wa gishiri. Mata sun ce wannan ba zai yiwu ba sai maza sun daina ƙorafin miya ta yi lami, maza kuma sun ɗauki alkawari a gabansu.

Kiranmu ga hukuma da shugabanni

Ga malaman asibiti da Hukumar Kula da Lafiya a Matakin Farko ta Jihar Jigawa, babbar bukatarmu ita ce a daidaita ranar dawowa da shekarar wannan yanki. Ƙa'idar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2021 ta ce a riƙa ganin mutum duk wata ne lokacin da aka fara masa magani ko aka canja, har jininsa ya daidaita. Daga nan ganinsa duk wata 3 zuwa 6 ya wadatar. Saboda haka muna roƙon duk wanda jininsa ya zauna a ba shi maganin wata uku a dunƙule cikin watan Yuli, kafin hanya ta yanke, haka ma makiyayi kafin ya tashi. Wannan ƙa'idar ta kuma yarda ma'aikatan jinya da masu harhaɗa magani da aka horar su riƙa ba da maganin hawan jini ƙarƙashin kulawar likita. Maƙwabtanmu na Kano sun fara wannan tun 2020 a ƙananan asibitoci, ƙarƙashin shirin ƙasa na shawo kan hawan jini da aka soma a Kano da Ogun, da tsarin magani mai sauƙi wanda ke farawa da amlodifin, a ƙara losatan idan bai isa ba. Muna roƙon a kawo irinsa Kirikasamma da Guri da Auyo da sauran ƙananan hukumomin bakin kogi, don kada a riƙa tura tsoho Haɗeja saboda awon minti biyar.

Muna kuma roƙon a keɓe rana ɗaya a mako ta masu hawan jini, a yi shawara da bulamai wajen zaɓenta, a buɗe rajista mai lambar waya ta mutum ko ta ɗansa, a kira wanda bai zo ba. Masu tarin fuka ana bin sawunsu idan sun ɓace, an san yadda ake yi. Wanda ya dawo bayan ya saɓa kuma a yi masa sannu da zuwa, a auna shi, a tambaye shi abin da ya tsare shi, a bar faɗa.

Duk damina ma'aikata na bi gida-gida kowane wata suna ba yara 'yan wata 3 zuwa ƙasa da shekara 5 maganin rigakafin zazzaɓin cizon sauro, kamar yadda aka yi shekaru ana kai ɗigon shan inna har rugar da mota ba ta zuwa. Watannin nan su ne daidai lokacin da masu hawan jini ke ɓacewa. Muna roƙon Ma'aikatar Lafiya ta jiha ta duba yiwuwar haɗa waɗannan tawagogi da mai na'urar awo, ya auna kakar yaron tun da an riga an shigo gidan.

Ga Mai Girma Gwamna Malam Umar Namadi, wanda shi ma ɗan wannan masarauta ne daga Kafin Hausa, ya san ruwan nan ba labari ba: muna roƙon a faɗaɗa rajistar marasa ƙarfi a hukumar JICHMA ta taimakekeniyar lafiya da kuma asusun kula da lafiya a matakin farko da Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta kafa, a sa tsofaffi masu hawan jini a gaba, a zo ƙauye a yi rajistar, a kuma tabbatar maganin yana kan kanta, domin katin inshora ba ya saukar da jini idan an ce babu magani. Muna roƙon a sa maganin hawan jini da na ciwon suga cikin kayan agajin da ake kai wa sansanonin ambaliya. A ci gaba da yashe kogi da cire kacalla tare da Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are, a kuma ɗaga hanyoyin ƙauyukanmu. Ƙaramar hukuma ta taimaka da kwale-kwale mai inji da rigunan ruwa don marasa lafiya a watannin cika.

Ga Mai Martaba Sarkin Haɗeja, Alhaji Adamu Abubakar Maje, Allah ya ƙara masa lafiya, da hakimai da bulamai: muna roƙon a sa baki, domin maganar da ta fito daga fada tana shiga inda ta malamin asibiti ba ta shiga. Limamai su taɓo batun a huɗuba, musamman haƙƙin mace a kan mijinta na ya bar ta ta je awo ya kuma ba ta kuɗin mota. Gidajen rediyo, Sawaba FM ta Haɗeja da Rediyon Jigawa, su riƙa tuni a farkon damina da cikin Sha'aban, kada a tsaya ga 17 ga Mayu kaɗai da ake ranar hawan jini ta duniya.

Masu kemis da suka halarta sun amince da sharaɗin taro: su ajiye na'urar awo, su auna kafin su miƙa magani, kada su canja wa mutum iri ko ƙarfin ƙwaya da kansu, su sayi kayansu daga inda aka amince, su duba lambar hukumar NAFDAC da ranar lalacewa, kuma wanda suka ga jininsa ya yi sama sosai su tura shi asibiti a ranar.

Taro ya nemi a karanta wa kowane gida wannan: idan baki ya karkace, ko hannu ko ƙafa ta yi sanyi ta ƙi ɗaguwa, ko magana ta sarƙe, ko gani ya dushe farat ɗaya, ko ƙirji ya riƙe, ko numfashi ya gagara, ko mai ciki ta ji matsanancin ciwon kai da kumburin fuska, ba a jiran ranar kati kuma ba a jiran gari ya waye. A yi addu'a a hanya, a nufi asibiti mafi kusa.

Muna godiya ga malaman asibiti da ungozomomi da suka bar aikinsu suka zauna da mu har la'asar, da bulamai da limamai, da matasan da suka ɗauko tsofaffi a mashinansu ba su karɓi ko kwabo ba. An ɗora wa shugabannin ƙungiya su kai kwafin wannan sanarwa ga sashen lafiya na ƙaramar hukumar Kirikasamma da fadar hakimi, a kuma rubuta ta da ajami don masallatai.

Za a sake zama kafin faɗuwar damina don a ji abin da masu tuni suka tarar da kuma amsar da aka samu kan maganin wata uku. Kowane memba ya zo da katinsa da fakitin duk maganin da yake sha, har da na gargajiya. Wanda katinsa ya ɓata ko ruwa ya ci shi ya zo haka nan, za a buɗe masa sabo.

Sa hannu:
Shugaban ƙungiya
Shugabar mata
Sakatare